Zungurun Ɗan Azumi

Ƙawata, matso kusa, yau ina da labari.

Akwai wani mutum a Magariya mai suna Ɗan Azumi. Bayan babban farin nan da ya cinye masa shanu, sai ya kama aiki gidan wani Anasara mai haƙa rijiyoyi, wanda kowa ke ce wa Mushe, wato "Malam" a bakin Faransawa.

A ɗakin Mushe akwai akwatin gilashi cike da ruwa, da kifaye ciki. Ba na ci ba ne, na kallo ne. Ruwan ma sai an dama masa gishiri, wai haka na teku yake. Ɗan Azumi yakan tsaya da tsintsiya a hannu har ya mance da shara. Yaushe suke barci? Ƙishirwa ba ta kama su cikin gishirin nan? Akwai wani mai zanen ja da fari, ƙayoyi tsaye a bayansa kamar beguwa. Shi ya fi ɗaure masa kai. Ikon Allah!

Da Mushe zai tafi Dungas na sati biyu, sai ya miƙa masa safar hannu ta roba, doguwa har gwiwar hannu.

Ya ce, "In za ka goge gilashi, sa wannan. Mai ƙayar nan dafi gare shi, ruwan kuma akwai cutar da ido ba ya gani. In ya soke ka, tsoma hannun a ruwan zafi, ka tafi wurin likita."

Wata safiya yana cikin guga, sai ga abokinsa Tsoho ya leƙo ta taga. Kin san yadda muke zura hannu a zunguru in mun ƙunsa lalle? To, abin da Tsoho ya gani ke nan. Ya rangaɗa guɗa.

"Amarya! Aka sa ki lalle ba a gaya mana ba? Wa ye angon, Mushe?"

Ɗan Azumi ya fizge safar ya yar. "Ni da nake kayar da bijimi ta ƙaho? Kuma ai gishiri magani ne, da shi muke wanke ciwon shanu."

Ya tsoma hannunsa tsirara, ga tsagar kaushi a tafinsa. Dama ya daɗe yana son ya ji ko ƙayar kifin nan tauri gare ta. Ya kai yatsa.

Ya ji. Kamar kunama goma a wuri guda.

Amma Tsoho na kallo, sai ya yi murmushi ya ce ba komai. Ya je ya shafa toka, ya ɓoye hannun cikin riga.

Rana ta uku matarsa Sa'a ta aje masa tuwo, ta tsaya.

"Malam, tun yaushe kake ci da hagu?"

Ta ɗaga rigar. Hannun ya kumbura suntum, jan layi ya kama hanyar hammata. Ga gyaɗarsu ta isa cira, kuma da hannun nan kaɗai gidan ke ci. Ta yafa zane ta tisa shi gaba sai wurin likita.

Likita ya tsaga, ya matse, ya yi allura. Ya ce, "Da ka ƙara kwana biyu, da sai Damagaram, a yanke. Kullum a jiƙa shi a ruwan ɗumi har gwiwa, sau uku."

Sa'a ta duba ƙore da tukwanen gidan duka, babu mai zurfin da zai ɗauki hannun. Sai abu ɗaya. Ta sauko da zungurunta na aure, ta wanke tas, ta cika.

Haka Tsoho ya iske shi da ya zo gaisuwa, zaune a zaure, hannu cikin zunguru na gaske. Tsoho ya sunkuyar da kai.

Ɗan Azumi ya ce, "Yau ba guɗa? Ai yau ne bikin."

Tsoho ya miƙe. Ya saɓi fartanya ya nufi gonar gyaɗar, sai da ya cire ta kaf.

Hannun ya warke, alhamdu lillahi, sai dai yatsan nan bai sake lanƙwasuwa ba. Da Mushe ya dawo, ya iske safar rataye a ƙusa, a jiƙe, alamar ana aiki da ita.

Darasi: Jikinki amanar Allah ce, kada dariyar wani ta sa ki cire abin da ke tsare shi. In kuwa kin ji ciwo, kada kunya ta sa ki ɓoye. Darasin ki kai wa duk wanda kike ƙauna. Amma sunan mutumin, ƙawata, don Allah kada ki faɗa wa kowa, har gobe da jikokinsa muke gaisawa.