Naman da Aka Tura Maradun

Akwai wani dattijon mahauci a Talata Mafara mai suna Mu'awiya. Ya haura shekara talatin yana fawa, kuma duk garin an shaide shi bai taɓa sayar wa kowa ruɓaɓɓen nama ba. In saniya ta gifta ta gabansa, zai gaya maka lafiyarta tun ba a kayar da ita ba.

Na fara da yabonsa ne don kada ku ɗauka labarin mugu zan ba ku. Mu'awiya ba mugu ba ne. Irin mutanen nan ne da ke share ƙofar gidansu tas, sannan su tura sharar gaba kaɗan.

A kwatar da suke yanka akwai ma'aikacin gwamnati mai duba nama, Malam Yohanna. Kirista ne da aiki ya kawo shi garin, ya shekara goma sha tara, 'ya'yansa duk a nan aka haife su. Kullum da safe zai zo da farar riga da takalmin roba, ya duba huhu da hanta da saifa. In ya gamsu ya buga tambari. In bai gamsu ba, sai a haƙa rami a binne naman. Shi ya sa mahauta suka sa masa suna Mai Rami, kuma ba don ƙauna ba.

Tsakanin mahautan akwai wata doka da ba wanda ya rubuta ta: ba a kai ɗan'uwa gaban Mai Rami.

Mu'awiya yana da 'yar fari, Ummukulsum, tana aure a Bakura wurin wani manomin shinkafa, Isma'ila. Saboda kunyar ɗan fari, tunda aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba. Tana ƙarama, "ke" ce. Da ta yi aure, ta koma "ta Bakura". Amma kowa ya san ita ce zuciyarsa. Duk motar da za ta Bakura sai ya yanki tsoka mai kyau ya ƙulle, ya kau da kai ya ce a miƙa wa mutanen can.

Wata ranar Lahadi aka aiko cewa ta sauka lafiya, an samu mace. Haihuwarta ta biyu ce, don haka ba ta zo gida wanka ba, sai ƙanwar Mu'awiya, Taibatu, ta tafi zaman jego. Shi kuwa da aka gaya masa, "Madalla" kawai ya ce, ya ci gaba da wasa wuƙarsa. Ranar har mai sayen ƙashi sai da ya samu gyara.

Ran Talata, ranar kasuwa, gari bai gama wayewa ba Abdu ya zo ya ja shi gefe. Abdu matashin mahauci ne, ɗan amininsa da ya rasu. Ya kai shi wani kango a bayan gidansu.

Farar saniya ce kwance an yanka ta, an fara fiɗa. Mu'awiya ya tsaya cak. Jinin baƙi ne wuluk, ya ƙi daskarewa, yana ta bin ƙasa. Saifar ta kumbura ta kusa tsawon hannun mutum.

"Baba, wallahi da ranta ni yanka ta," in ji Abdu. "Jiya ni saye ta, da sahe ta hwaɗi tana makyarkyata, ni yi maza ni sa wuƙa. Har shure-shure ta yi. Halas ta."

"Ba yankan ni ka dubi ba," Mu'awiya ya ce. "Dubi saihwag ga. Wanga ciwo na san shi tun zamanin ubanka. Ba a cin wagga saniya, Abdu."

Abdu ya durƙusa a cikin jinin.

"In Mai Rami ya gane ta, na ƙare. Jarina duka ga shi nan kwance. Ba ni da uba sai kai, Baba. Ka ruhwa min asiri."

Mu'awiya ya daɗe yana kallonsa. Fuskar uban yaron ya gani. Ya tuna shi da kansa ne ya fara riƙa wa Abdu hannu ya koya masa fiɗa. A ƙarshe ya ja numfashi.

"Ban gani ba, ban ji ba. Amma sharaɗi guda. Ko tsoka ɗaya kada ta shiga kasuwag ga, mutanenmu na. Ka tahi da naman Maradun."

Kun ji fa. Ya fita daga kangon yana ganin ya yi adalci: ya rufa wa maraya asiri, ya kuma kare garinsu. Sai ka ce mutanen Maradun ba uwa ce ta haife su ba.

Da hantsi Malam Yohanna ya zo teburin Mu'awiya. Suka gaisa doguwar gaisuwa, aka tambayi gida da iyali da gajiya, har Yohanna ya yi masa barka da samun jika. Sannan ya rage murya.

"Malam Mu'awiya, an ce shanu suna faɗuwa a wata ruga ta yamma. An kuma ce Abdu ya sayi farar saniya jiya, ga shi ban ga ta shigo kwata ba. Ko ka san inda take?"

"Ni teburina ni ka tsaro," Mu'awiya ya ce, bai ɗago ba.

"Garin nan namu ne duka. Ni ido biyu gare ni, ku kuna da ɗari. In kun rufe naku, nawa ba za su isa ba."

"Kai gwamnati ka ba albashi kan haka, Malam Yohanna. Ni ba ta ba ni."

Mahautan da ke kusa suka tuntsure da dariya. Yohanna ya ɗauki jakarsa ya wuce. Ya je gidan Abdu, ya tarar an wanke kangon an zuba toka.

Abdu ya cika alkawari, ko tsoka ɗaya ba ta shiga kasuwar Mafara ba. Naman ya bi motar Maradun. Sai dai akwai abin da kowane mahauci ya sani, wanda Mu'awiya bai tsaya ya tuna ba: kai da ƙafa da kayan ciki ba sa bin nama. Masu babur ne ke sarinsu a daro, su zaga da su garuruwan kusa kafin rana ta yi zafi. Na saniyar Abdu, hanyar Bakura suka bi.

Ran Laraba kwana huɗu da haihuwa, ranar kauri. Al'ada ce miji ya sayo ƙafafun saniya a dafa da yaji, mai jego ta ci ta ji ƙarfi, a rarraba wa dangi. Isma'ila zai iya zuwa Mafara wurin surukinsa, amma kunya ta hana shi. Ya san Mu'awiya ba zai karɓi ko sisi ba, sai abin ya zama kamar roƙo ya je. Don haka tun ran Talata ya tare mai babur a ƙofar gida ya sayi ƙafafu huɗu, aka yi masa gyaran hanta.

Taibatu ta babbaka ƙafafun ta kankare da hannunta. Hantar kuwa a take ta ɗora a garwashi, ta juya ta sau biyu, ta barbaɗa yaji ta miƙa wa mai jego don jininta ya dawo. Ummukulsum ta cinye tana santi.

Ran Juma'a zazzaɓi ya rufe ta. Aka ce na jego ne, aka ƙara wa ruwan wanka zafi. Ran Asabar da safe ta fara aman jini, cikinta ya kumbura. Isma'ila ya kira surukinsa a waya yana kuka.

Mu'awiya ya ajiye wuƙa, ya ajiye kunya, ya hau mota.

A ƙofar ɗakin ya ci karo da Taibatu. Tana miƙo masa tabarma ya ga wani ƙurji a bayan hannunta, ya kumbura, tsakiyarsa ta fara baƙi. Irin wannan ƙurjin ya taɓa gani a hannun masu jimar fata, shekarun baya.

"Isma'ila, ina kunka sayi ƙahwahun kauri?"

"Ga wani mai babur, Baba, ran Talata. Daga Mahwara ya taho. Ya ce na wurin Abdu na, yaronka. Shi ya sa ni saki jiki, ban ko tambayi komi ba."

Mu'awiya ya dafa bango. Sunansa ne ya sayar da ƙafafun nan. Amincin da ya tara shekara talatin, shi ya buɗe wa cutar ƙofar ɗakin 'yarsa.

Suka ɗauki Ummukulsum zuwa asibiti. Da likita ya tambayi abin da ta ci, Mu'awiya ya faɗi komai, ga Isma'ila a tsaye yana ji. Ya faɗi baƙin jinin, ya faɗi saifar, ya faɗi sharaɗin da ya kafa. Isma'ila bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba. Kallonsa kawai ya yi, ya juya ya fita waje.

Daga nan Mu'awiya bai zame ko'ina ba sai gidan Malam Yohanna. Ya same shi a ƙofar gida yana gyaran keke. Ba gaisuwa, ba komai, ya durƙusa a gaban mutumin da ya sa aka yi wa dariya.

"Hwarar saniyag ga, na gane ta. Ciwon saihwa na. Naman na Maradun, ni ni ce a kai shi can."

Yohanna ya ajiye abin da ke hannunsa. Bai tuna masa maganar albashi ba. Ya shiga ciki ya fito da takalmin robarsa, yana ta kiran abokan aikinsa na Maradun da Bakura, a yi shela a kasuwa da masallatai, duk wanda ya ci ko ya taɓa naman ya garzaya asibiti. Sai da ya gama ya dubi dattijon, idonsa ya yi ja.

"Da ran Talata ka gaya mini, Malam Mu'awiya, rami ɗaya za mu haƙa. Yanzu ban san nawa za a haƙa ba."

Shelar ta ceci mutane da yawa, har da Taibatu. Amma ba ta ceci kowa ba. A Maradun an rasa wani tsoho da wata mata mai sayar da abinci, mutanen da Mu'awiya bai taɓa ganin fuskarsu ba. Hukuma ta kama Abdu.

Ran Lahadi, ranar suna, Mu'awiya yana tsaye a bakin gadon 'yarsa tun da safe. Idonta a buɗe, amma ba ta gane kowa. Ya sunkuya ya riƙe hannunta. Ya ce "ke", ba ta motsa ba. Ya ce "yarinya", shiru.

Sai ya buɗe baki ya faɗi abin da ya shekara ashirin da huɗu yana ɓoyewa a ƙirjinsa.

"Ummukulsum."

Ya sake faɗa, ya kuma sake. Ba ta ji ba. Kafin hantsi ya ɗaga ta cika.

Mutanen da aka gayyata suna, su suka yi mata sallah. Da la'asar, ba kiɗa ba guɗa, liman ya tambayi sunan jaririya. Isma'ila ya ce a mayar mata da sunan uwarta.

Yanzu yarinyar tana gidan Mu'awiya, matarsa Hauwa ke renonta. Isma'ila yakan zo duba ta, ya gaida surukinsa da ladabi daga tsaye, amma bai sake zama a tabarmarsa ba.

A kwata kuwa, kullum da safe za ka ga Mu'awiya tsaye kusa da Malam Yohanna, yana nuna masa abin da idon ma'aikaci zai iya tsallakewa. Ya kai 'yan'uwa gaban hukuma fiye da sau ɗaya. Samarin mahauta sun daina cin abinci da shi, suna kiransa Mai Rami na biyu.

Kakanni sukan tsokani jikokinsu mata, su ce amarya, su ce uwargida. Shi bai iya ba. In ya dawo da yamma, yarinyar ta rarrafo ta kama ƙafarsa, sai ya ɗauke ta ya kira ta da cikakken sunanta. Hauwa ta ce kullum sau uku yake faɗa, kamar yana jiran a amsa daga wani ɗakin.

Darasi: Kare lafiyar jama'a ba aikin mai albashi kaɗai ba ne, nauyi ne a kan duk wanda idonsa ya gani. In ka ga abin da zai cuci mutane ka yi shiru don rufa wa naka asiri, ko ka tura shi garin da ba ka da kowa, to ka sani ba kai ke zaɓar ƙofar da zai shiga ba. Mutumin garin gaba ma ɗan wani ne. Ka faɗa wa hukuma tun abin yana rami ɗaya. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa, musamman masu sana'ar da jama'a ke ci daga hannunsu.