Kwalabe Biyu da Sunan Hajiya Hindou

Ranar Asabar, 12 ga watan Afrilu, 2025, a wani gidan suna a Djougou, Badamasi ya ɓata sunan gwaggonsa a gaban mata. Badamasi mutum ne mai ƙoƙarin neman na kansa, wannan ba a hana shi. Amma yana da ciwo guda: bakinsa bai iya furta "ban sani ba", balle "na yi kuskure".

Yana da shago a unguwar Banikanni a Parakou, inda yake ɗura garin waken soya a cikin ƙwayoyin haɗiya, yana sayar wa matan da al'ada ta fara ɗauke musu. Matan da suka kai wannan shekarun sun san wahalar: zafi ya taso daga ƙirji ya rufe fuska, gumi ya jiƙa kallabi, barci ya ƙi zama. A jikin kowace kwalba ya buga cewa ƙwaya ɗaya tana ɗauke da miligiram arba'in na isofilabon, wato sinadarin waken soya da ake sa ran yana rage wannan zafi.

A Djougou, Hajiya Hindou, ƙanwar mahaifinsa, ita ce ta karɓi kwalaben tana ba mata. Ba don riba ta yi ba, don ta ɗaga ɗan ɗan'uwanta ne. Jikar fataken goro ce, kuma a unguwarsu duk gidan da za a yi biki, wajenta ake kai huhun goro ta zaɓe, ta ware, ta raba gida-gida. Ba a ba kowa wannan aiki sai wadda aka yarda hannunta ba ya ragi, ba ya ƙari.

A ranar sunan, Badamasi ya shiga cikin gida gaida iyaye. Lubabatu, ƙawar Hajiya tun ƙuruciya, mace mai kaifin baki, ta tare shi tana fifita da murfin kwano.

"Kai likitan Banikanni, zo nan. Tun kafin azumi nake haɗiyar ƙwayoyinka, dube ni kamar wadda aka tsamo daga rijiya!"

Mata suka kwashe da dariya. Wata ta ce ita ma haka, wata ta ce ita har kumburin ciki ta samu. Da Badamasi ya ce zai bincika, da magana ta mutu a nan. Sai ya gyara hula.

"Iya, abin da ke fita daga shagona tsantsa ne. A Parakou ba wadda ta taɓa kuka. Abin da ke faruwa da kwalba bayan ta iso Djougou kuwa, sai ku tambayi mai ba ku."

Dariya ta tsaya. Hajiya Hindou tana zaune da faifan goro a cinyarta. Ta ɗago kai.

"Badamasi, ni kake nufi?"

"Gwaggo, ni ban kira suna ba. Amma garin masara ba shi da wuyar samu."

Ya sa takalmansa ya fita. Bikin da ya biyo baya a unguwar, sai Hajiya ta ga an wuce ƙofarta da huhun goro a ka, an kai wa wata. Ba wanda ya zage ta. Gaisuwa ce kawai ta gajarce. Ta daina fita sai dole.

Lubabatu ce ta kasa haƙuri. Ta shigo mata ba sallamar kirki.

"Hindou, tashi. Ko ke kika zuba garin masara, ko shi ya yi ƙarya. Ni so nake in sani, don cikina ne ya sha abin. Kadidjatou 'yar ƙanwata tana aiki a ɗakin gwajin magunguna a Parakou. Ta ce ana iya auna abin nan."

"In kuma ya ce na canza kwalbar da aka auna fa?"

"Shi ya sa za mu kai biyu. Ɗaya daga ɗakinki. Ɗayar ni zan saya da hannuna a shagonsa, da hatiminta, ko inuwarki ba za ta taɓa ta ba."

Haka aka yi. Suka hau mota zuwa Parakou, Lubabatu ta hau zem, wato acaɓa, zuwa Banikanni ta sayo kwalba a rufe, suka haɗu a wajen Kadidjatou. Ta karɓa, ta ce su dawo mako mai zuwa. Wannan mako Hajiya ba ta ci abincin kirki ba. Ba ta shakkar hannunta, amma wani tsoro ya shige ta: in akwai guba a ciki fa, ita ce ta miƙa wa ƙawayenta.

Da suka koma, Kadidjatou ta zaunar da su gaban allon kwamfuta. Ta ce ta jiƙa garin a ruwan magani, ta tace, ta tura cikin na'urar da ke rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya. Kowane ya fito, sai na'urar ta zana tudu. Yawansa, girman tudunsa.

"Tanti, ku duba. Wannan isofilabon ne da muka san nauyinsa, da shi muke kwatance." Tuddai suka miƙe a allon kamar duwatsu. "Wannan kuma kwalbar Djougou."

Lubabatu ta matso da fuska. "Ina tudun? Ni kunyar gyaɗa nake gani."

"Ita ce. An rubuta arba'in, bai kai ɗaya ba. Ga ta shagon Banikanni."

Ta ɗora zane na biyu a kan na farko. Suka hau juna kamar layi ɗaya.

"Gari ɗaya ne, Hajiya. Ba wanda ya taɓa kwalbarki."

Hajiya Hindou ta sauke numfashi, ta rufe fuska da mayafi. Abin da ta fara tambaya shi ne, "Ba guba?"

"A abin da muka duba, ba mu ga mai cutarwa ba. Wake ne, amma kamar wanda aka tatse, saura ƙaiƙayi. Kuma ku sani, ko na gaskiyar ba kowace mace yake yi wa aiki ba. Mai fama da zafin nan ta je asibiti a duba ta."

Wake da aka tatse. Nan take Hajiya ta tuna buhunan da ta taɓa gani a bayan shagon Badamasi, masu warin tsami, waɗanda matan ƙauyen Tourou masu yin awara suke kawowa. Ita a zatonta abincin ragunansa ne.

Ta gaya wa Lubabatu. Daga nan shagon suka nufa. Lubabatu ta dire kwalaben biyu a kan tebur.

"Dusar awara ka ba mu, Badamasi? Mu tumaki ne?"

"Haba Iya, wake ai wake ne! Har sake wanke ta nake sa a yi, a shanya, don tsabta."

"Ka wanke ɗan abin da ya rage ke nan. Arba'in ɗin fa, wa ya auna maka?"

Ya dubi ƙasa. A jikin wata kwalba ta ƙasar waje ya ga lambar, ya kwafa. Bai taɓa kai garinsa gwaji ba.

Lubabatu ba ta bar gida ɗaya a unguwarsu ba ta kai labarin ba. Matan suka zubar da ƙwayoyin, da yawa suka je asibiti. Masu saye suka janye daga shagon Banikanni har ya koma sayar da sabulu. Ana gab da Babbar Sallah, aka yi sallama a ƙofar Hajiya Hindou, aka sauke huhun goro a tsakar gidanta. Ta kwance ganyen, ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta yi dariyar da aka daɗe ba a ji ba.

Badamasi kuwa turmin atamfa ya aiko mata a cikin leda, ba ko saƙon baki. Ta mayar masa.

Darasin a fili yake. Lambar da ba ka auna ba, kada ka rubuta ta a kan abin da mutane za su haɗiya. In an kama ka da kuskure, ka ɗauki kayanka, kada ka ɗora wa wanda ya taimake ka. Mun gode wa Allah ba wadda ta cutu, kuma gwaji ya wanke Hajiya. Amma na'ura ce ta wanke ta, ba bakin da ya ɓata ta ba. Atamfa ba ban haƙuri ba ce. A tsakar gida cike da mata Badamasi ya yi maganarsa. To, abin da ya kamace shi shi ne ya dawo Djougou, ya tsaya a wannan tsakar gidan, a gaban waɗannan matan, ya cire hula, ya ce da ƙarfi yadda ta bayan ɗaki za ta ji: "Gwaggo, ƙarya na yi miki, ki yafe mini."