Yadda Kwaɗo Ya Share Tafki

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, ko da mai ɗaci ce.

Wani tafki ne guda ɗaya tak a daji. A cikinsa Kwaɗo ya zuba 'ya'yansa, a kansa kuma Gansakuka ta shimfiɗa koren zanenta. Tsohuwa ce marar hayaniya. Abincinta ƙwayoyin cutar nan da ido ba ya gani. Ita ta ci cuta, ƙananan kifaye su ci ta, ruwa ya zauna lafiya.

Kwaɗo kuwa, Allah wadaran kwaɗayi, fara yake so, farauta ce ba ya so. Sai ya tara dabbobi ya ce, "Haba jama'a! Kuna da girmanku kuna shan ƙazanta? Kowa ya kawo mini fara, in share muku ruwa."

Aka kawo fara tuli. Ya ci, ya kwashi Gansakuka. Ya ci, ya kwashi Gansakuka.

Ta ce, "Ɗana, bar ni. Aiki nake yi."

Ya ce, "Wane aiki, Iya? Kullum kina kwance!" Ya watsa ta kan dutse, rana ta busar da ita.

Ruwa ya yi garau, aka yi ta guɗa. Kwana bakwai, ruwa ya fara wari. Kifi ya juya ciki sama. Giwa na zawo, Zaki na zawo, daji ba wurin taka ƙafa.

Don haushin ɓata musu ruwa, Kura ta cafke Kwaɗo ta jefa baki. Daga tsakanin haƙoranta ya ce, "Haɗiye ni, ranki ya daɗe, ki hutar da ni. Wa ya kai ni shan ruwan nan? Cikina ne gidan cutar."

Kura ta tofar da shi, ta ruga tana goge harshe a ƙasa.

Kwaɗo ya yi dariya har da faɗuwa. Ya yi tsalle zuwa bakin tafki ya ce, "Yara, ku fito ku ji yadda babanku ya yi da Kura!"

Ya leƙa ruwan, ya sake kira:

"Yara, ku fito mana!"

Ga su nan kuwa a saman ruwa, baƙi ƙirin, iska tana kaɗa su gefe. Duk sun mutu.

Ƙurunƙus kan busasshen kifi! Wanda ya ga tsohuwa kwance, ya tambayi me take ci kafin ya ɗauko tsintsiya.