Wuƙaƙen da Tasalla Ta Dirje

A zamanin da, a wata ƙasa mai yawan ruwan sama, an yi wata mace wai ita Tasalla. Abin da ta rasa a ƙarshe shi ne kwandon wuƙaƙen da mijinta, maƙeri Gwadabe, ya mutu ya bar mata, da kuma bakin magana a kasuwa. Abin da ta samu, sunan marigayin bai ɓaci ba.

Sarkin ƙasar ya gaji da tsatsa. Kowace damina sai wuƙaƙen mahautan fada su yi ja, nama ya riƙa ƙarnin ƙarfe. Sai ya sa aka yi shela: duk mai wuƙar da za ta ƙetare damina ba tsatsa ya kawo, fada za ta saya da daraja.

Wuƙaƙen Gwadabe baƙaƙe ne ƙirin, don yakan shafa musu man gyaɗa suna da zafi har ya kama jikin ƙarfen. Tasalla ta dube su ta taɓe baki. Wa zai kai wa Sarki abu kamar gindin tukunya? Ta samo yashi mai kaushi, ta zauna ta dirje su sai da suka yi fari fat.

A fada ta faɗi ta yi gaisuwa. Waziri ya taya, ta ce albarka. Ya ƙara, ta kau da kai.

"Ranka ya daɗe, ƙirar Gwadabe ce fa, ba ta 'yan koyo ba. Ni ban zo roƙo ba."

Waziri ya juya wuƙa ɗaya a hannu, ya ce, "To Iya, ciniki sai bayan damina. A rataye su a ɗakin randuna."

Da ruwa ya ɗauke aka kira Tasalla, aka fito da su gaban Sarki. Sun yi ja wur, tsatsa ta bi duk ƙarcen da yashi ya bari ta zauna. Fadawa suka bushe da dariya. Wani ya ce, "Ashe Gwadabe da jar ƙasa yake ƙira!"

Sarki ya ce, "A sanar a kasuwa, marigayin maha'inci ne."

"Allah ya ba ka nasara," in ji Waziri, "tambaya ɗaya tukuna. Ga wani ɗan baƙi a gindin ƙota, shi tsatsa ba ta taɓa shi ba. Ƙarfe ɗaya, launi biyu. Wa zai warware mana?"

Tasalla ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. In ta yi shiru, laifi ya bi mamaci kabari, shi kuwa ba shi da bakin musu. Ta kwance bakin zane, ta fito da baƙar wuƙar da take yanka kuɓewa, wadda ta shekara da shekaru a gindin randa, ko ɗigon ja babu.

Kanta a sunkuye ta ce, "Zaki, haka ya bar su. Ni na dirje. Wurin nan ne yashi bai kai ba."

Sarki ya duba wuƙar, ya ce ta faɗi kuɗinta.

"Ba na son wuri ko ɗaya. A yi shela ƙirar Gwadabe ba ta tsatsa, wata mata ce ta ɓata."

Waziri ya ce, "Wata mata? Mutane za su ce fada na rufa masa asiri. Sai da suna."

Ta nemi a yi shelar ranar da ba kasuwa, aka ƙi. Ta nemi a yi ba ganga, aka ƙi. Ta daɗe tana murza bakin mayafi.

"Na sallama," in ji ta. "Ranar kasuwa, da ganga, a ce Tasalla. Amma a fara faɗin sunansa, kuma a ce masa Malam."