Gida a Cikin Gida: Kwamfutar Malam Filibus

Akwai wani mutum mai suna Filibus, shi ne mai koyar da mawaƙa a wata ƙaramar ikilisiya. Yana da kwamfutar tafi-da-gidanka wadda tsarin da ke tafiyar da ita ya tsufa, cuta ta cinye shi. In ya kunna ta, sai ya je ya yi wanka ya dawo ba ta gama farkawa ba.

Ya kai ta wurin Irmiya mai gyara. Irmiya ya ce, "Baba, sai dai a sa mata sabon tsari gaba ɗaya."

Filibus ya ce, "Sa mata. Amma ka bar mini tsohon, hannuna ya saba da shi."

Irmiya ya yi ta lallashi, dattijo ya kafe. Sai ya sa sabon, ya yi wa tsohon ɗan ɗaki a cikinsa, ana buɗe shi ta wata 'yar taga. Ya ce, "Leƙawa kawai za ka riƙa yi, Baba. Ajiyarka ka yi ta a sabon."

Ina! Leƙe ya zama zama. Filibus ya buɗe tagar nan har ta cika fuskar kwamfutar, daga nan rikici ya soma. Ya ajiye abu da safe, da yamma ya nema babu. Kwandon shara biyu, agogo biyu, kowanne da lokacinsa. Sai ya riƙe haɓa yana cewa, "Ni yanzu a ciki nake ko a waje?"

A kwanakin nan Mama Rifkatu, wata tsohuwa a zumuntar matan ikilisiyar, ta kira shi. Ta rera masa waƙoƙin yabo na yarensu, waɗanda ita kaɗai ta rage da su a ka, ya ɗauki muryarta ya ajiye. A ina? Shi ma bai sani ba. Ba a jima ba Mama Rifkatu ta huta.

Ana gab da sujadar tunawa da ita, kwamfuta ta ce wuri ya cika. Filibus ya yi ta dube-dube har ya faɗo cikin sabon tsari, ya ga wani ƙaton fayil guda ɗaya mai baƙon suna, ya cinye rabin wurin. Ya ce, "Kai ne ɓarawon!" Kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Ya goge, ya loda hotunan bikin girbi a gurbinsa.

Ran Asabar Tabita, 'yar marigayiya, ta zo da 'ya'yanta. Ta ce, "Malam, a sa mana muryar Mama mu ji." Ya danna taga, taga ta ƙi buɗewa. Ya ruga wurin Irmiya, gumi na zuba.

Irmiya ya duba, ya dafe kai. "Baba, fayil ɗin nan ai shi ne tsohon gidan dungum, da duk abin da ke cikinsa. Ga shi ka zuba kaya a kansa, ba ya dawowa."

Filibus ya koma. Tabita na zaune inda ya bar ta, yara suna jira. Cikin baƙin ciki ya shaida mata cewa muryar Mama ta tafi tare da tsohon gidan.

Ƙaunatattu, ga abin da misalin nan yake nufi. Sabon tsarin shi ne sabon rai da muka karɓa cikin Almasihu. Ɗan ɗakin kuwa tsohon halinmu ne, wanda muka roƙa a bar mana, wai leƙawa kawai za mu yi: ɗan fushi, 'yar ƙarya, ɗan ƙoƙon da ake sha a ɓoye. Sannu a hankali mukan koma can da zama, har mu kasa faɗin inda muke tsaye. Abin tausayi, ba mu kaɗai muke shiga ba. Aurenmu da 'ya'yanmu da amanar da aka ba mu, duk can muke jibge su. Tsohon gida ba ya daɗewa, ranar da zai tafi kuma ba ya tafiya shi kaɗai. Kwashe kayanka yau, ɗan'uwa, tun tagar tana buɗuwa.