Tanki Mai Sunan Alhaji

An yi wani mutum a nan Keffi, cikin 'yan shekarun nan, wanda ba mashayi ba ne, ba ɗan caca ba, ba kuma mai bin mata ba. Kada ku gyara zama kuna jiran labarin wani fasiƙi da ya yi nisa da ku. Wannan a sahun gaba yake salla a masallacin unguwarsu a Liman Abaji. Ya yi aikin gwamnati shekara talatin da biyar, ya yi ritaya, ba a taɓa kama shi da ko fensirin ofis ba. Sunansa ba zai amfane ku da komai ba. Alhaji ake ce masa, mu ma mu ce masa Alhaji.

Allah ya ba shi iya rubuta takarda. Kowace damina yana ganin yadda ledar fiya wata da robobin lemo ke toshe kwatoci, ruwa ya hau titi ya shiga shaguna, saura ya gangara kogin Antau. Sai ya ji labarin wata ƙungiya mai ofis a Abuja da ke ba da jari ga masu son sarrafa sharar roba. Rabin kuɗin kyauta ne, rabi rance marar ruwa. Ya zauna ya rubuta, rubutun ya yi kyau, aka zaɓe shi. Ya ajiye takardar gidansa jingina.

Tsarin nasu kashi uku ne. Na farko, su da kansu suka sayo injin niƙa roba suka kawo masa wani fili a bayan Sabon Gari. Na biyu, suka sa kuɗi a hannunsa don ya sayi taransifoma, domin injin ba ya tashi da wutar gida, ya kuma gina rumfa da kwamin wanke roba. Na uku sai sun zo sun ga aiki yana tafiya. Sharaɗin a rubuce yake, kuma Alhaji ya fi kowa iya karatu.

Mata suka fara kawo roba. Shugabarsu wata Filomina ce, wadda ake kira Maman Vera, mijinta ya rasu, ta yi shekara goma sha ɗaya tana tsintar roba a tasha da wuraren biki. Ita ta san wace roba ke da kasuwa, wace ce ba ta da shi, ta san a cire murfi a ware fara daga koriya. Alhaji bai taɓa danne musu sikeli ba. Ku riƙe wannan. Abin da sikeli ya nuna shi yake biya, nan take.

To ina matsalar ta shigo?

A majalisa ta shigo, bayan la'asar, a kan benci. Abokansa suka raɗa masa Sarkin Bola. In ya taho sai wani ya toshe hanci da wasa, wani ya tambaye shi nawa ne kilon shara yau. Wani tsohon abokin aikinsa ya ce masa ashe dai fansho bai isa ba, tun da har an koma tsince-tsince da babbar riga. Dariya ake yi, shi ma yana yi. Amma in ya koma gida maganar ba ta barinsa. Mutumin da ake miƙewa tsaye in ya shiga ofis, yau shi ne na bola.

Sai ya yi shawarar wanke sunansa. Kuɗin taransifoma na nan a ajiye, ba wanda ya tambaye shi. Mutanen da ke kewaye da filin kuwa suna shan wahalar ruwa, wannan gaskiya ne. Ya kira masu haƙa burtsatse suka haƙa a bakin filin, aka ɗora wani ƙaton baƙin tankin roba a kan ƙarafa, aka rubuta sunansa da farin fenti, manyan baƙaƙe, har mai wucewa a kan acaɓa yana iya karantawa. Azumi ya zo ya raba shinkafa. Ya canza wa masallacin unguwa shimfiɗa. Kafin wata uku Sarkin Bola ya ɓace daga bakin mutane, sai Alhaji mai burtsatse.

Kuma kada ku ɗauka yana ganin kansa ɓarawo. Ko kusa. Abin da yake gaya wa zuciyarsa shi ne sadaka ba ta rage dukiya, Allah zai mayar masa da kuɗin taransifoma ta wata ƙofa, ninki. Ya ji wannan a wa'azi sau ɗari, kamar yadda mu ma muka ji. Abin da bai tsaya ya tambaya ba shi ne, dukiyar wa?

Inji na zaune a ƙarƙashin tamfol, ba wuta. Roba kuwa tana ta taruwa. Da ta fara kai tsayin mutum, sai ta wuce katanga, sai ta zama wani tsauni da ake hangowa daga hanyar Nasarawa, yana ƙyalli a rana.

Da baƙin Abuja suka ce za su zo duba aiki karo na farko, Alhaji ya ɗauko hayar babban janareto na yini ɗaya. Ya kira Ismail, wani dattijon makanikin injuna a Sabon Gari, ya haɗa masa waya. Inji ya yi ruri na rabin sa'a, baƙi suka ɗauki hotuna, suka yaba tsibin robar, suka ce ba su ga mai himma irinsa ba. Da suka tambayi taransifoma ya ce tana hanya. Suna ba da baya aka kashe janareto, aka mayar wa mai shi.

A ranar ya gane wani abu: tsibin nan shi ne ke magana a madadinsa. Muddin yana nan, ba mai tsananta tambaya.

Filomina ita ma ta gane wani abu, amma daban. Ta same shi wata safiya ta gaya masa rana na cin roba, wadda ta daɗe a fili tana gautsi, kasuwarta na faɗuwa. Ta ce akwai masu zuwa da tirela suna saye ko ba a niƙa ba. In ya sayar da tsibin, ya ƙara da na wata biyu ko uku, kuɗin taransifoma zai fara haɗuwa, ba wanda zai ji ba wanda zai gani.

"Maman Vera," in ji shi, "in na sayar, me zan nuna wa baƙi?"

"Alhaji, baƙi hoto suke ɗauka su tafi. Mu ne ke kwana kusa da abin nan. Ka ga sauron da ke tashi daga cikinsa? Ga rani na zuwa. Ko guntun taba wani ya yar, mun shiga uku."

Ya yi murmushi ya ce mata Allah ne mai tsarewa. Ta ce ta sani, a cocinsu ma haka ake faɗa, amma ba ta taɓa ganin wanda ya ajiye kananzir kusa da murhu don Allah na tsarewa ba. Ya ba ta kuɗin keke, ya ce ta gaida yara.

Ya 'yan uwa, wannan ce ƙofar da aka buɗe masa. Ba ta bakin malami ta zo ba, ba ta bakin mai kuɗi ba. Ta bakin matar da ke tsintar roba ta zo, shi ya sa bai gane ta ba.

Bazara ta shigo, irin zafin nan da kwalta ke laushi. Baƙi suka aiko cewa za su zo ganin ƙarshe, wanda daga shi za a saki kashi na uku. Alhaji ya yi lissafinsa: in na ukun ya fito, sai ya sayi taransifoma da shi, ya rufe ramin na biyu, shi ke nan ba a yi komai ba. Yini ɗaya kawai yake bukata.

Amma babban janareton an riga an ba wasu masu biki. Wanda ya samu tsoho ne, yana ɗigar mai. Kuma saboda yana son inji da tsibi su fito a hoto ɗaya, ya sa aka janyo buhunan roba har gindin injin. Ismail ya zagaya, ya taɓa waya, ya sunkuya ya duba ƙarƙashin janareton, sannan ya miƙe ya fara mayar da sifanoninsa cikin jaka.

"Alhaji, wayar nan ba za ta ɗauka ba. Ni dai ba da hannuna ba."

"Haba Malam Ismail, minti goma fa. Su gani su tafi."

"Wuta ba ta san minti goma ba, ranka ya daɗe."

Motar baƙi ta riga ta tsaya a ƙofa. Alhaji ya dubi motar, ya dubi Ismail, ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya je ya ɗaga makunnin da kansa.

Injin ya yi gurnani, ya juya, baƙi suka ɗaga wayoyinsu. Bai kai minti uku ba waya ta fara hayaƙi, ta narke, tartsatsi ya sauka a kan man da ya ɗiga. Daga mai sai buhu, daga buhu sai tsibi. Robar da ta shekara tana shan rana ba ta bukatar roƙo. Ismail ne ya koma ya fizgo Alhaji lokacin da gefen rigarsa ya kama, kuma a nan ya ƙone hannunsa na dama, hannun da yake ciyar da iyalinsa da shi.

Mutane suka ruga burtsatse da bokitai. Ruwan bokiti me zai yi wa tsaunin roba? Zafin ya kai tankin, tun da shi ma roba ne. Jama'a na tsaye suna kallo ya fara lanƙwashewa, fararen baƙaƙen suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, har ya fashe ruwan ya zube a ƙasa, nesa da wutar.

Kwana uku baƙin hayaƙi na tashi. Gidaje huɗu na maƙwabta suka ci wuta, aka kwashi tsofaffi da jarirai zuwa asibiti saboda sarƙewar numfashi. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Baƙin ba su yi masa faɗa ba. Sun nemi rasidin taransifoma kawai, babu. Gidansa na Liman Abaji da ya jinginar ya tafi. Ba wannan kaɗai ba: ƙungiyar ta janye daga garin gaba ɗaya, har da wasu mutum biyu da ke jiran nasu injin, waɗanda ba su ci ba ba su sha ba. Damina ta dawo ta tarar da kwatoci yadda ta bar su.

Yanzu ku saurari abin da gari ya ce. Wasu suka ce baki ne ya kama shi, ya yi suna da yawa. Wasu suka ce jifa aka yi masa. Wasu suka ce dama kuɗin ƙungiyoyin nan ba albarka a cikinsu. Mafi yawa suka ce jarrabawa ce irin ta mutanen kirki, ai ga ruwan da ya shayar.

Duk wannan hanyar kauce wa magana ce. Wane baki ne ya ɗaga makunni? Wane mai jifa ne ya hana a sayar da tsibi? Kuɗin kuwa ba su da laifi. An ba da su don wani aiki, aka kai su wani. Shayar da ruwa alheri ne, ba mai musu. Amma mutum ba ya kyauta da abin da aka ba shi ajiya. Da ya saka taransifomar, da injin ya ciyar da mata arba'in, ya yashe kwatoci, ya kuma haƙa burtsatse daga ribarsa, ko da sunan wani ba ya jikin tanki. Mun saba ganin ibada a cikin abin da ake rubuta wa suna. Kwashe ƙazanta daga hanyar bayin Allah kuwa mun bar wa matan da ba ma amsa gaisuwarsu da kyau.

Cin amana ba kullum yake zuwa da fuskar ɓarawo ba. Wani lokaci da buhun shinkafa yake zuwa, ana yi masa addu'a. Ke da ke riƙe da kuɗin adashe, kai da ke riƙe da na marayu ko na ginin makaranta, in zuciya ta ce ɗan taɓa ka yi alheri, Allah zai mayar, ku tambaye ta: alheri ga wa, kuma don idon wa?

Alhaji yana nan da ransa. Yana Mararaba, a filin wani mai sayen roba, shi ke kula da sikeli. 'Yan majalisa in an ambace shi sai su girgiza kai su ce ga shi can ya ƙare a bola, wai nan ne faɗuwarsa. Sun yi kuskure kamar yadda suka yi tun farko. Ya faɗi ne ranar da ake tafa masa a gindin tanki.

Filomina takan kai kaya can wani lokaci, tun da nan ba mai saye da daraja. Ta ce ranar da ta fara ganinsa a can ya kasa ɗaga kai. Ya auna buhunanta, ya faɗi kilo daidai, sannan a hankali ya tambaye ta hannun Ismail. Ta ce masa yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa, amma yana aiki. Sai ya ɗora buhu na gaba.

Allah ya kiyaye mu daga alherin da za mu yi da haƙƙin wani. Allah ya raba mu da son a gani, ya ba mu kunnen jin gaskiya ko daga bakin wa ta fito. Wanda ya faɗi, Allah ya karɓi tubarsa, mu da ke tsaye kuma kada ya bar mu da dabararmu. Amin.