Kwanon da Aka Tura Rana

Akwai wani mutum a wani gari, yana da injin markaɗe a ƙofar gidansa. Ba wani babban inji ba ne, amma da shi yake ciyar da iyalinsa. A unguwar kuwa akwai wata al'ada. Mace takan kawo kwanonta na wake ko na gero, ta ajiye a layi, ta koma gida ta ci gaba da aikinta. Kwanon ne yake tsaya mata. Wanda ya riga zuwa shi ake fara markaɗawa, ko mai shi tana nan ko ba ta nan.

Cikin masu kawo masa markaɗe akwai wata gwauruwa mai tuyar ƙosai a bakin titi. Tun ranar da ya kafa injin take zuwa, da tsohon kwanonta duk ya lotse. Da ƙosan nan take riƙon jikokinta.

Ana nan sai aka gina sababbin gidaje a tsallaken titi, ma'aikata suka tare. Matansu suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya da robobi masu murfi. Mutumin ya gani, ransa ya biya. Ya ce a zuciyarsa, tsofaffin nan ai suna hannu, ba inda za su, baƙin nan su ne abin nema. Ya kafa rumfa, ya sayo benci, ya koyi washe baki. Duk wannan ba laifi. Laifin shi ne, da baƙuwa ta iso sai ya karɓi robarta ya zarce da ita kan inji, ya tsallake layin kwanoni kamar duwatsu aka jera masa.

Wata rana gwauruwar ta ajiye wakenta da hantsi, jiƙaƙƙe, surfaffe, don tuyar yamma. Nata ne na fari a layi. Baƙi suka yi ta zuwa, shi kuma ya yi ta rawar jiki. Da wurin zama ya yi kaɗan, ya sa ƙafa, ƙafa fa, ya tura kwanon tsohuwa waje domin benci ya sami inuwa. Nan waken ya wuni cikin rana.

Da yamma ta dawo ɗaukar ƙullunta. Ta buɗe kwano, tsami ya bugi hancinta. Ta dube shi, ta ce, "Ɗana, ba nawa ne na fari ba?"

Ko kallonta bai yi ba. Ya ce, "Mama, ke ai 'yar gida ce. Bari in sallami baƙi tukuna."

Kun ji rashin kunya. Jarin mace ya lalace a ƙofarsa, jikokinta za su kwana da yunwa, amma ko haƙuri bai iya ba ta ba. Ta rufe kwanonta, ta aza a kai, ta tafi. Ran nan ba a hura wuta a bakin titi ba.

Sai baƙuwar da robarta ke hannunsa ta tashi daga benci, ta ce ya miƙo mata kayanta. Ya rikice, ya hau tambaya ko wani abu ya yi mata. Ta gaya masa cewa ba rumfarsa ce ta kawo ta ba. Ƙosan tsohuwar nan ta ci, ta ji laushinsa, ta tambaye ta inda take markaɗe, tsohuwar ta nuna mata ƙofarsa har da yabonsa. Maƙwabtanta ma duk ta haka suka zo. Sa'an nan ta ce, "Malam, yau ni ce baƙuwa. Ran da na zama 'yar gida, nawa za ka tura rana."

Gwauruwar ba ta taɓa zaginsa ba. Ta dai koma kai wakenta wani inji a bayan kasuwa, duk da nisa da ciwon gwiwa. Masu cin ƙosai suka ci gaba da tambayarta inda take markaɗe, ita kuwa ta ci gaba da faɗin gaskiya. Mutumin ya zauna a bencinsa shi kaɗai, injin shiru.

Ma'anar wannan misali ita ce: mai injin nan mu ne. Kai mai shago, ke mai ɗinki, neman sababbin masu ciniki abu ne mai kyau, amma bakin tsofaffin ne yake kawo su. Haka yake a gidan Ubangiji. Muna roƙon Allah ya ƙaro mana mutane, baƙo mai mota ya shigo mu ruga mu ba shi kujerar gaba. Matar da take share ɗakin sujada tun muna yara kuwa ta kwanta ciwo, ba wanda ya leƙa ta, wai ita 'yar gida ce. Wannan abin kunya ne, Allah kuma yana gani. Baƙon ma yana gani, yana auna yadda za a yi da shi gobe.

Saboda haka, kafin ka fita neman baƙo a wannan mako, ka sunkuya ka duba kwanon wa ka tura rana. Ka je ka ɗauko shi tun bai yi tsami ba.